Wata 13 da Sanda a Hannu: Yadda Aka Koya wa Michael Jordan Bugun Besbol

Ranar 7 ga Fabrairu 1994 Michael Jordan ya rattaba hannu a kan kwantiragi da White Sox, ƙungiyar besbol ta birnin Shikago a Amurka. Saura kwana goma ya cika shekara 31. A fagen ƙwallon kwando a lokacin ba shi da na biyu, don ya ɗaga kofin NBA sau uku a jere tare da Bulls, a 1991 da 1992 da 1993. Sai dai rabonsa da riƙe sandar besbol a wasan gaske tun yana ɗan sakandare a garin Wilmington na jihar Carolina ta Arewa, shekara 13 ke nan ko kusa da haka. Sarki ne a gidansu, amma inda ya sa ƙafa yanzu ƙolo ne da ko babbaƙu bai gama ba.

Dalilin tafiyar sananne ne. An kashe mahaifinsa, James Jordan, a watan Yuli na 1993, shi ne kuwa mutumin da ya sa masa son besbol tun yana ƙarami. Ranar 6 ga Oktoba ya sanar da cewa ya ajiye ƙwallon kwando. Jerry Reinsdorf, mai Bulls, shi ne kuma mai White Sox, saboda haka ƙofar ba ta yi wuyar buɗewa ba.

An sha muhawara kan ko ya kyautu ya tafi, wannan kuwa ta wuce. Abin da ya rage mai amfani ga duk wanda ke koyar da bugu shi ne darasin da ke cikin lamarin. Da wuya a sake samun ɗan koyo da ya haɗa komai kamar wannan: jiki lafiyayye, zuciyar da ba ta san gajiya ba, ƙwararrun masu horarwa, kuɗi, ga kuma magatakarda suna rubuta kowane bugu da ya kai. Idan aka tara wa mutum wannan duka, abin da ya rage bai samu ba yakan fito fili sarai.

Abin da aka ce ya koya

Mai jifa yana tsayawa a kan ɗan tudu, tazarar mita 18.44 daga wani farin faranti na roba mai faɗin santimita 43 da aka kafa a ƙasa. Mai bugu yana gefen farantin riƙe da mulmulalliyar sandar katako, wadda kaurinta bai wuce santimita 7 ba. Ƙwallon ba ta fi lemun zaƙi girma ba, nauyinta kusan gram 145, fata ce aka ɗinke da jan zare. A saman farantin akwai wata taga da ido ba ya gani, faɗinta faɗin farantin, tsawonta daga gwiwar mai bugu zuwa ƙirjinsa. Idan jifa ya ratsa tagar bai buga ba, ko ya kai bugu ya sari iska, an rubuta masa kuskure ɗaya, in sun cika uku ya fita. Idan kuwa ya ƙyale jifa huɗu da suka bi ta wajen tagar, sai ya taka zuwa zangon farko a kyauta, wato na farko cikin zango uku da ake zagayawa kafin a dawo faranti a ci maki.

Jifan da ke gudun kilomita 145 a awa yana isowa cikin kusan kashi huɗu cikin goma na sakan. Kaɗa sandar kanta tana cin kusan kashi ɗaya da rabi daga ciki. Ke nan tun ƙwallon tana tsakiyar hanya ya wajaba mai bugu ya riga ya yanke shawara, zai buga ko zai ƙyale, sama za ta zo ko ƙasa. Shi ya sa wanda ya yi bugu mai kyau sau uku cikin goma ake kiransa gwani, a rubuta masa .300. Tun da Ted Williams ya yi .406 a 1941 ba a sake samun wanda ya kai .400 a cikakkiyar kaka a manyan gasannin biyu na Amurka ba. Can ƙasa kuma akwai .200, iyakar da 'yan wasa ke wa laƙabi da layin Mendoza don tsokanar wani ɗan wasa mai suna Mario Mendoza da ya daɗe yana shawagi a wurin. Wanda ya faɗa ƙarƙashinta, aikinsa na rawa.

Tsawon Jordan mita 1.98 ne. A ƙarƙashin kwando wannan baiwa ce, a gefen faranti kuwa haraji ne da ake biya kullum. Dogon mutum tagarsa ta fi ta kowa girma, don haka wurin da zai tsare ya fi yawa. Dogayen hannuwa kuma suna sa sanda ta yi doguwar tafiya kafin ta iso ga ƙwallo, musamman jifan da aka matse masa kusa da ciki. Jikin nasa ma an gina shi ne don tsalle da gudu, alhali mai bugu damtse yake buƙata, da wuyan hannu, da ƙugu. Tun cikin hunturu, kafin a sanar wa duniya, ya fara atisaye a Comiskey, filin White Sox, tare da Herm Schneider, mai kula da lafiyar jikin 'yan wasan White Sox, da kuma Bill Melton, tsohon mai bugun ƙungiyar.

Makarantar da ya faɗa hannunta

Da aka tafi sansanin share fage a Sarasota ta jihar Florida, sai ya shiga hannun Walt Hriniak, kocin bugu na White Sox. Sai an san malamin Hriniak kafin a gane karatun da aka ɗora wa Jordan. Malamin shi ne Charley Lau, mutumin da bai yi wani fice da sanda ba a zamanin wasansa, amma ya zama ɗaya daga cikin mashahuran masu koyar da bugu. A 1974 ya kama wani matashi a ƙungiyar Royals ta Kansas City mai suna George Brett, wanda bugu ya gagara a farkon kakar, ya warware masa tsayuwa da riƙo, ya sake gina su. Brett ya yi .390 a 1980, ya kuma ajiye sanda da bugu 3,154. Lau ya rasu a 1984 yana kocin bugu na White Sox, Hriniak ne ya ci gaba da riƙe tutarsa.

Karatun nasu ba shi da tsawo. Ka tsaya daidai, kada ka rinjaya gaba ko baya. Kafin ka yi gaba sai ka fara komawa baya, nauyinka ya taru a kan ƙafar baya. Ka yi ɗan taki, ka juye nauyin a kan ƙafar gaba wadda ta kafu ta miƙe. Kanka a sunkuye, ido a kan inda sanda za ta gamu da ƙwallo, kada ka ɗago don kallon inda ta nufa. Ka nufi tsakiyar fili, kamar za ka mayar wa mai jifa kayansa. Bayan sanda ta taɓa ƙwallo ka saki hannun sama, don hannuwa su miƙe har ƙarshe. Wannan sakin hannu shi ne tambarin makarantar, daga nesa ake gane ɗalibanta da shi.

Duk wanda ya taɓa faskare ya san gatari ba da ƙarfin hannu yake tsaga icce ba. Daga ƙafa ƙarfin ke tasowa, ya bi ta ƙugu, hannu rakiya kawai yake yi. Ɗan dambe ma ya san naushin da ke kayarwa daga dugadugin ƙafar baya yake farawa. Wannan shi ne abin da ɗan koyo ya fi jinkirin yarda da shi, domin sanda a hannunsa take, sai ya ɗauka hannun ne zai yi aikin. Kuskuren farko ke nan da kowane koci ke fama da shi. Na biyu shi ne buɗe kafaɗar gaba da wuri, wanda ke janye kai da ido daga ƙwallo. Na uku shi ne wurga hannuwa nesa da jiki, sanda ta zagayo kamar mai share tsakar gida, maimakon ta bi gajeriyar hanya.

Ba kowa ya yarda da Lau da Hriniak ba. Ted Williams ya soki salon a bainar jama'a. Shi a wurinsa ƙarfi daga murɗa ƙugu yake zuwa, sanda ta ɗan yi sama kaɗan don ta dace da layin da ƙwallo ke gangarowa, hannu biyu a kanta har ƙarshe. Masu sukar Hriniak sukan ce yana yanka wa kowa riga iri ɗaya. Amma yana da amsa a hannu, domin Frank Thomas, wani ƙaton da tsawonsa ya kusa na Jordan, a hannunsa yake, kuma shi aka zaɓa gwarzon ɗan wasan gasarsu a 1993 da 1994. Saboda haka ba za a ce salon ba ya karɓar dogon mutum ba.

Hanyar koyarwar kuwa ita ce wadda ake bi da yaro ɗan shekara bakwai. Ana farawa da turke, wani ɗan bututun roba da ake ɗora ƙwallo a kansa tana zaune, mai koyo ya yi ta bugunta cikin raga. Mutane sukan raina turke, su ce na yara ne, alhali manyan 'yan wasa ba sa rabuwa da shi, don shi kaɗai ke cire saurin ƙwallo daga lissafi ya bar mutum da jikinsa. In ƙwallon da ke zaune ta tashi a karkace, babu mai jifan da za a ɗora wa laifi. Daga nan sai koci ya durƙusa a gefe yana cilla ƙwallo a hankali, sannan ya koma gaba a bayan kariyar raga yana jefowa daga kusa, sai na'urar jifa, sai kuma mutum ya hau tudu ya yi jifa na sosai. Kowane mataki yana ƙara abu ɗaya ne tak a kan na baya.

Jordan ya bi wannan duka ba tare da girman kai ba. Da sassafe yake haɗuwa da Hriniak a kejin raga kafin sauran 'yan wasa su fito. Waɗanda suka horar da shi a wannan shekara bakinsu ɗaya a kan cewa ya yi ta bugu har tafin hannunsa ya yi bororo ya fashe. 'Yan jarida kuwa ba su raga masa ba. A watan Maris mujallar Sports Illustrated ta sa hotonsa a bangonta ya sari iska, ta ce ya tattara ya bari, shi da White Sox suna kunyata wasan. Daga ranar ya daina magana da mujallar.

Birmingham

Ƙananan gasannin besbol hawa-hawa ne. Akwai na sababbin shiga, sai matakin A, sai AA, sai AAA, sannan babbar gasa. Yaron da aka ɗauko daga sakandare yakan shafe shekaru kafin ya taka AA, domin nan ne ake tankaɗe da rairaya, nan ne masu jifa suka fara iya sarrafa ƙwallo yadda suke so. Nan aka kai Jordan kai tsaye, ƙungiyar Birmingham Barons a jihar Alabama. Reinsdorf da kansa ya faɗa daga baya cewa ƙananan filayen ba za su iya ɗaukar tururuwar 'yan jaridar da ke biye da shi ba. Wato taron jama'a ne ya zaɓa masa aji, ba matsayin karatunsa ba.

Manajan Barons matashi ne ɗan shekara 35 mai suna Terry Francona, wanda daga baya ya ci kofin duniya na besbol da Red Sox ta Boston a 2004 da 2007. Kocin bugu kuwa Mike Barnett ne. Jordan ya sa riga mai lamba 45. Ana gobe a fara ma sai da ya ɗanɗana daɗi, don ranar 7 ga Afrilu, a wasan sada zumunci tsakanin White Sox da Cubs, ɗaya ƙungiyar besbol ta Shikago, a filin Wrigley, ya yi bugu biyu masu kyau cikin biyar. Washegari ya buga wasansa na farko a Barons, ya fito sau uku bai samu ko ɗaya ba.

Sai kuma abin mamaki ya biyo baya. Cikin watan Afrilu ya jera wasa 13 yana samun bugu a kowanne, lissafinsa ya haura .300. Masu cewa ya bari suka yi tsit na ɗan lokaci.

Waɗanda suka san wasan ba su ruɗu ba. Masu jifa suna gwada baƙo ne da miƙaƙƙen jifa mai gudu, su ga ko sandarsa za ta iya cim masa. Jordan ya nuna zai iya, aikin Hriniak ya yi rana. To amma miƙaƙƙen jifa shi ne wanda na'ura ke iya kwaikwayo, shi ne kuma wanda ya yi ta gani dubbai a keji. Da labari ya zaga gasar, sai aka daina ba shi. Aka koma jifa mai lanƙwasa, wanda ke tahowa kamar zai bugi kafaɗa sannan ya sulale ƙasa, da mai zamewa, wanda ke kama da miƙaƙƙe har sai ya kusa isowa sannan ya goce waje, da kuma na yaudara, wanda hannun mai jifa ke fita da sauri amma ƙwallon ta taho a sanyaye. Barnett ya ba da labarin cewa an shafe makonni Jordan bai ga miƙaƙƙen jifa a cikin taga ba. Lissafinsa ya yi ta zubewa har ya koma shawagi a layin Mendoza.

A nan ne, a ganina, salon juye nauyi ya nuna inda yake da haɗari ga ɗan koyo. Salon ya dogara ne a kan lokaci. Brett ko Thomas, da suka ga jifa iri-iri tun suna yara, in sun yi taki suka ga ƙwallon ta makara, hannuwansu suna nan a baya, sai su ɗan jira. Wanda bai saba ba kuwa, da ƙafarsa ta sauka komai nasa ya tafi, nauyi da ƙugu da hannu. Ƙwallon ta iso ta tarar ya riga ya zube gaba, ba abin da ya rage masa sai ya miƙa hannu ya taɓa ta, ta gangara a ƙasa zuwa hannun mai tsaro, ko ya sari iska. Laifin ba na salon ba ne shi kaɗai, kowane salo aka ba shi sai mai lanƙwasa ya wahalar da shi. Amma salon da ke cewa ka yi gaba ya fi saurin tona asirin wanda bai san yaushe zai tsaya ba.

Maganin da Barnett ya bi shi ne yawan gani. Jordan yakan yi bugu har sau biyar a yini, ya zo da wuri ya shiga keji, ya tsaya gaban na'urar da aka saita ta riƙa jefo mai lanƙwasa, ya yi atisayen ƙungiya, wani lokaci bayan an tashi wasa da dare ya koma. Abin da koci ke nema a irin wannan hali shi ne ya raba taki da bugu a jikin ɗalibi. Ƙafa ta sauka a hankali, kamar mai taka ƙasar da yake shakkar akwai ƙaya, hannuwa kuma su tsaya a baya har sai ido ya ba da izini. Akan kuma ce wa ɗalibi ya riƙa nufin ɗaya ɓangaren filin, domin wanda ke son tura ƙwallo can dole ya bar ta ta shigo sosai, wannan ɗan jinkirin kuwa shi ke ba ido damar karanta ta.

Ranar 30 ga Yuli, a gida, a wasa da Carolina Mudcats, ya buga ƙwallon da ta tsallake katanga karo na farko. Da ya zagayo ya taka faranti sai ya nuna sama da yatsa. Washegari ce ranar haihuwar mahaifinsa.

Abin da alƙaluman ke faɗa

Ya gama kakar da wasa 127. Cikin fitowa 436 da aka ƙirga ya samu bugu 88, wato .202. Uku suka tsallake katanga, 17 suka kai shi zango na biyu, ɗaya ya kai shi na uku, sauran 67 duk na zango ɗaya ne. Ya fita da kuskure uku sau 114. Ya shigar da maki 51 ta hanyar bugunsa, ya saci zango sau 30, wato ya ruga zuwa zango na gaba yayin da ake jifa, an kama shi sau 18. Mutum sama da 460,000 suka shiga filin Barons a shekarar.

Wanda ya tsaya a .202 zai ce an yi asarar shekara. Ni inda idona ya fi tsayawa shi ne wani 51 ɗin na dabam, domin sau 51 ya taka zangon farko a kyauta. Ɗan koyon da aka rikita da mai lanƙwasa yakan koma kai wa komai sara, har wanda ya faɗi a ƙasa. Wanda ya iya ƙyale jifa huɗu sau 51 a AA ya fara gane iyakar tagarsa. Haka kuma duka ukun da suka tsallake katanga daga ƙarshen Yuli suka zo, wato a makonnin ƙarshe na kakar ne ƙarfin ƙugu ya fara isa ga sanda. A ɗaya gefen, bugu 21 kacal masu nisa daga mutum mai wannan girma ya nuna yawancin shekarar da hannu yake bugu, yana kare kansa ne kawai.

Akwai wani abu da ya faru shekara goma bayan haka da ya haska lamarin. A 2004 Jennie Finch, mai jifa a softbol ta mata, wadda ta ci zinare da Amurka a gasar Olamfik ta wannan shekara, ta fuskanci manyan masu bugun besbol irin su Albert Pujols da Mike Piazza a wasan nishaɗi, suka kasa taɓa ƙwallonta. Ƙwallon softbol ta fi girma, gudunta bai kai na besbol ba, sai dai daga mita 13 ake jefo ta, don haka lokacin da mai bugu ke da shi kusan ɗaya ne. Bambancin shi ne ta ƙasa Finch ke sakin ƙwallo, hannunta na zagayowa ta gefen cinya. Pujols bai rasa sauri ba, bai rasa iya kaɗa sanda ba. Kafaɗa da gwiwar hannu da juyin jan zaren da idonsa ya saba karantawa ne suka ɓace masa, sai ya koma ɗan koyo nan take. Gwanin bugu hasashe yake yi daga alamun da ya tara cikin shekaru, tun kafin ƙwallo ta bar hannu ya fara sanin inda za ta. Wannan taskar ce Jordan ba shi da ita. Abokan wasansa 'yan shekara 22 da 23 sun yi shekarun da ya yi yana jefa ƙwallo a kwando suna kallon jifa.

Koci na iya gyara tsayuwa cikin mako, riƙo cikin yini, tafiyar sanda cikin watanni. Hriniak ya yi wannan, wasa 13 ɗin nan shaida ne. Ido kuwa ba a koyar da shi da baki, sai dai a jera masa abin da zai gani daga mai sauƙi zuwa mai wuya. A matakin A akwai masu jifa mai lanƙwasa, amma rabinsu ba su iya saka shi a taga ba, kuma tun daga hannu ake gane shi. Can ne ɗan koyo ke samun sararin cewa, wannan na san shi, ya ƙyale. An tsallake da Jordan wannan aji gaba ɗaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gaskiya ne, amma ko busasshen ma in za a gwada ai a hankali ake bi da shi. Idan akwai kuskure a cikin wannan horo, to a ofis aka yi shi, ba a keji ba.

Francona ya sha faɗa cewa da Jordan ya ci gaba da tara fitowa, da ya kai babbar gasa. Ina girmama ganinsa, don shi ya zauna da mutumin kullum, amma akwai wani lamarin da ke sa a yi taka-tsantsan. Tim Tebow, tauraron ƙwallon zari-ruga irin ta Amurkawa, ya koma besbol a 2016 yana ɗan shekara 29, shi ma rabonsa da wasan tun sakandare. Ƙungiyar Mets ta bi da shi ta tsani. Ya yi 2017 a matakin A, a 2018 ya hau AA ya yi .273, abin da ya fi na Jordan nesa, ya kuma nuna amfanin farawa daga ƙasa. Da aka kai shi AAA a 2019 sai ya faɗo .163, bai kuma taɓa taka babbar gasa ba. Bin tsani yana kai ɗan koyo nesa da inda tsalle zai kai shi, sai dai kowane hawa da nasa sabon karatun, shekaru kuma ba sa jira.

Bayan an rufe kaka aka tura Jordan gasar kaka ta Arizona, inda ƙungiyoyi ke tara zaratan matasansu. Ya buga wa Scottsdale Scorpions, ya yi .252. Ƙarin .050 ke nan a kan na Birmingham, a gaban masu jifan da ba su gaza na can ba. Wannan ne lissafi mafi kyau da ya yi, shi ne kuma na ƙarshe.

Tun ranar 12 ga Agusta 1994 'yan wasan babbar gasa suke yajin aiki, har aka soke gasar cin kofin shekarar. Da aka dawo sansanin share fage a farkon 1995 rikicin bai ƙare ba, masu ƙungiyoyi suna shirin cike gurbi da 'yan ƙananan gasanni. Jordan ya ƙi yarda a yi amfani da shi wajen karya yajin, ya tattara kayansa ya bar Sarasota a farkon Maris. Ranar 18 ga watan ya aika wa 'yan jarida saƙo mai kalma biyu cewa ya dawo, washegari ya fito wa Bulls a Indiana sanye da lamba 45, lambar da ya sa a Birmingham.